Yadda Na Sauya Tayoyi da Shokazoba a Motar Ɗakin da Na Saya

Motar ta hannu ce, irin wadda aka gina ɗaki a bayanta: gado, ɗan kicin, banɗaki, tankin ruwa, da wani gadon da ya leƙo ta saman kan direba. Kashinta Ford E-450 ne, wanda ake ɗora motocin asibiti da ƙananan bas a kai. Taya biyu a gaba, huɗu a baya, bibbiyu a kowane gefe. Mai ita na farko dattijo ne mai kula da kaya, kuma bai yi yawo da ita sosai ba. Inji lafiya lau, rufi ba ya yoyo, kilomitar da ta ci ba ta taka kara ta karya ba. Da muka zagaya wajen tayoyin sai ya dafa ta gaba ya ce, "Malam, duba zanen nan, ko rabi bai ci ba." Gaskiya ya faɗa. Zanen na nan da zurfinsa, ɗan yatsa na shiga ciki. Ban ga alamar yana son ya rufe ni ba, shi ma abin da idonsa ya nuna masa ke nan.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan tayar irin wannan mota, ido bai san ƙima ba. Motar haya tana cinye zanen tayarta kafin robar ta tsufa, saboda kullum tana kan titi. Motar ɗaki kuwa yawancin rayuwarta a tsaye take yi, wata da watanni a wuri guda, rana na dukan gefe ɗaya, nauyin gida guda na danne wuri ɗaya. Masu yin taya suna zuba wa robar wasu sinadarai masu kare ta daga iskar ozon da zafin rana, kuma sai taya tana birgima tana lanƙwasa suke fitowa saman fatarta. Idan ta daɗe a tsaye, kariyar saman ta ƙare, ta ciki ba ta samu hanyar fitowa ba. Robar ta bushe, ta fara tsattsagewa, damshi ya bi tsagar ya kai ga wayoyin ƙarfen da ke ciki. Duk wannan yana faruwa zane na nan cif.

Saboda haka tun a wurin ciniki na tsuguna na nemi ranar haihuwar tayoyin. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, sai wasu haruffa, sai lambobi huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Haka ake yi tun daga shekarar 2000. Kafin nan lambobi uku ne, kuma duk wanda ya ga uku a tayarsa ya san ta haura shekara ashirin. A tayoyin gaba na ga 1815, wato mako na 18 na shekarar 2015. Cikakken rubutun a fuska ɗaya kawai ake buga shi, don haka na bayan sai da na kwanta a ƙasa da tocila, na cusa kai tsakanin tayar ciki da kashin motar. Duk shekararsu ɗaya. A nan ne hasken tocilar ya faɗa kan gefen tayar ciki ta hagu, wadda ba mai ganinta idan yana tsaye, na ga ƙananan tsage-tsage sun zagaye ta kusa da bakin rim, kamar faso a dunduniya. Na sa farce, ya shiga. Safayar da ke rataye a baya ta ma girme su, kuma ba ta taɓa taka ƙasa ba.

Kamfanin Michelin yana ba da shawarar cewa taya in ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ga masani ya duba duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da kamanninta na da kyau, har da safaya. Masu motocin ɗaki da yawa ba sa jiran goman, suna sauyawa tun a shekara ta shida ko ta bakwai. Nawa sun doshi goma. Na nuna wa dattijon lambobin da tsagar, muka yi ciniki a kan sanin cewa taya bakwai ne a gabana.

Zancen shokazoba kuma hanya ce ta tona shi. Ina komawa da motar a hankali, sai na haye wata gada da ke da ɗan tudu a bakinta. Gaban motar ya nutse, ya taso, ya sake nutsewa, ya sake tasowa, bai natsu ba sai da muka yi nisa da gadar. Da tirela ta wuce ni, iskarta ta tura motar gefe, sannan ta jawo ta, jikin ya riƙa rangaji hagu da dama, kwanuka na ƙara a cikin kabad. Hannuwana biyu a kan sitiyari, kafaɗuna suka ƙage. Uwargida da ke zaune a gefe ta ce, "Maigida, haka za mu riƙa tafiya da yara a ciki?" Na ce a'a, ba za ta ɗauki yara ba sai an gama da ƙafafunta.

Abin da na fara yi shi ne awo, kafin in sayi komai. Mutane da yawa suna tsallake wannan, ni kuwa a ganina shi ne tushen aikin. Taya ba ta ɗaukar kaya da kanta, iskar cikinta ce ke ɗauka, kuma ba ka sanin iskar da za ka ba ta sai ka san nauyin da ke kanta. Na cika tankin mai, na cika tankin ruwa, na ɗora tukunyar gas, na zuba kayan da za mu riƙa tafiya da su, muka shiga mu biyu, na lallaɓa zuwa sikelin manyan motoci mafi kusa. Ruwa kaɗai ba abin rainawa ba ne, kowace lita kilo guda ce. Sikelin ya ba ni nauyin ƙafafun gaba daban, na baya daban. Da na ga akwai fili a gefensa kuma ƙasar a miƙe take, sai na roƙi mai kula da shi ya bar ni in sake hawa da tayoyin gefe ɗaya kawai. In ka cire wannan daga jimilla, ka sami na ɗaya gefen. Bayan hagu ya fi na dama nauyi da fiye da kilo ɗari, domin a can firji da janareta suke. Na gwada lambobin da takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda ke faɗin iyakar abin da gaba da baya za su ɗauka. Gaba na da sauran fili. Baya kuwa ya kusa bakin iyakarsa, alhali ba mu ma ɗauko yaran da kekunansu ba.

Sai a lokacin rubutun jikin tayar ya fara yi mini magana. LT225/75R16, ajin E, 115/112. Faɗinta milimita 225, tsayin gefenta kashi 75 cikin ɗari na faɗin, rim ɗin inci 16. Lambobin ƙarshen su ne na nauyi. 115 na nufin kilo 1,215 idan tayar ita kaɗai ce, kamar a gaba. 112 na nufin kilo 1,120 idan an haɗa ta da 'yar'uwarta, kamar a baya, kuma duka biyun sai an ba ta iska psi 80 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya da geji ke nunawa). An rage wa masu tafiya bibbiyu ne saboda titi ba a shimfiɗe yake daidai ba, a wasu lokuta ɗaya ce ke ɗaukar fiye da rabonta, ga kuma zafin da suke ba juna. In ka tara huɗun baya, kilo 4,480 ke nan. Ƙafafun bayan wannan mota kuwa an yarda musu su ɗauki fiye da kilo 4,000. Wato tayoyin baya kullum suna aiki dab da ƙarshen ƙarfinsu, ko da sababbi ne. To ina ga waɗanda suka shekara goma suna shan rana?

Akwai wata taya mai girman nan ɗaya da ake rubuta wa 225/75R16C, ta motocin kasuwanci, mai lamba 121/120, wato kilo 1,450 ita kaɗai, 1,400 a haɗe. A Turai kuma akwai masu alamar CP da aka yi musamman don motocin ɗaki, saboda daɗewar da suke yi a tsaye da kaya a kai. Na zaɓi mai 121/120, bayan an tabbatar mini rim ɗina zai jure iskarta. Amma ina so wanda zai bi wannan hanya ya gane abu ɗaya: taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota iyakar nauyinta. Birki da sifirin da kashin motar suna nan yadda suke. Abin da na saya rata ce tsakanin abin da tayar ke ɗauka da abin da za ta iya, ba izinin ƙara kaya ba.

Ƙanena makaniki ne, shi ya ce mu fara da shokazoba kafin tayoyi. "Yaya, in ka sa sabuwar taya a kan matacciyar shokazoba, ita za ta fara ci." Ya ja hannuna ya shafa shi a kan tayar gaba ta dama. A ido lafiya take, amma a tafin hannu sai ka ji tudu da kwari, tudu da kwari, a jere a bakin zanen. Tayar da ba a danne ta a ƙasa tsalle take yi, duk inda ta dira ta ɗan cinye.

Da yawa suna zaton shokazoba ce ke riƙe nauyin mota. Sifirin ne ke riƙewa. A wannan motar, na gaba naɗaɗɗe ne, na baya kuma faifan ƙarfe ne da aka jera. Sifirin in aka danne shi ya taso, ba ya tsayawa nan take, sai ya yi ta lilo. Aikin shokazoba ta kashe lilon. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi, duk motsin da motar ta yi sai man ya matsu ta cikinsu, ƙarfin motsin ya koma zafi ya fita. In ƙofofin sun saki ko man ya tsiyaye, sifirin ya sami 'yanci. A ƙaramar mota kana iya danna gefe da hannu ka saki ka ga sau nawa za ta yi lilo. Motar da ta haura tan shida ba ta jin hannun mutum, sai dai ka shiga ƙarƙashi ka duba. Ɗan damshin mai da ƙura ta manne a kai ba komai ba ne. Amma ta baya ta hagu a motata mai ya wanke jikinta har ƙasa, ya yi baƙin kunu da ƙasa. Robobin da ke kunnuwan sauran sun fashe, ɗaya ma ta zube, ƙarfe na bugun ƙarfe.

Wajen zaɓe, sunaye biyu na fi ji a bakin masu irin motar nan: Bilstein ta Jamus da Koni ta Holan. Bilstein bututu ɗaya ce, da iskar naitirojin a matse a ƙasan man, wani fistin na raba su, don kada man ya yi kumfa idan ya yi zafi. Tana riƙe mota tsam, wasu na cewa har ta ɗan yi tauri a kan ƙananan gargada. Koni tana da wani samfuri mai suna FSD da ke sassautawa a kan ƙananan girgiza masu sauri, ya taurara a kan babban lilo. Kowanne na da masoyansa. Ni rangaji da nutsewar gaba ne suka fi damuna, kuma motata mai nauyin baya ce, sai na ɗauki masu bututu ɗaya, na nauyi, waɗanda aka yi wa wannan kashin. Huɗu duka. Ba a sauya ɗaya a bar 'yar'uwarta, in ba haka ba gefe ɗaya zai riƙe, ɗayan ya saki.

Tun ana saura kwanaki na riƙa shiga ƙarƙashi ina fesa wa notocin man da ke narkar da tsatsa. Ranar aikin muka sami daɓen siminti a miƙe, muka ja birkin hannu, muka sa waigi gaba da bayan tayoyi. Motar tana da ƙafafun haidurolik na daidaita ta idan an yada zango, kuma na san akwai masu ɗaga mota da su su shiga ƙarƙashi. Kada kowa ya yi haka. An yi su ne don kada gado ya karkata, ba don su riƙe tan shida a kan ƙirjin mutum ba. Tiyo ɗaya ya fashe, motar ta sauko. Mun yi amfani da jak na manyan motoci, muka tokare kashin da ƙafafun ƙarfe masu ɗaukar fiye da nauyin, ƙanena ya girgiza motar da ƙarfinsa ya ga ba ta motsa ba, sannan muka shiga.

Na baya ba su ba mu wahala sosai ba, ko taya ba mu cire ba. Na gaba ta ɓangaren direba ce ta ci mana rabin yini. Notin samanta yana cikin wani lungu da hannu ke shiga da kyar, sifana ba ta samun juyawa sai ɗan kaɗan, kuma da ka juya notin sai sandar shokazobar ta bi shi su juya tare. Dole mutum ɗaya ya riƙe sandar, ɗaya ya juya. Ƙanena na kwance a ƙasa, ni ina tsugune a ramin taya, kumatuna a jikin ƙarfe, ina juya abin da ba na gani. Tsatsa ta riga ta haɗe notin da zarensa. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, bar shi, tunda ba mayar da ita za mu yi ba." Ya ɗauko ƙaramin zarto mai lantarki, ya kare tiyon birki da wayoyi da wani faifan ƙarfe, ya yanke sandar ƙasa da notin. Ta faɗo.

Na ɗauki tsohuwar na kafa ta a ƙasa na danna da hannu ɗaya. Ta shige ba gardama, tana wani ƙugi na iska da ɗan sauran mai, kuma ba ta dawo ba. Sabuwar kuwa a ɗaure ta zo da igiyar roba, saboda iskar cikinta na tura ta waje da ƙarfin da hannu ba ya iya mayarwa cikin sauƙi. Dabarar ita ce ka fara ɗaura sama, ka saita ƙasan kusa da kunnensa, sannan ka yanke igiyar, tana miƙewa a hankali kana bin ta, da ramin ya zo daidai ka zura kusar. In ta wuce ka, sai ka sa ƙaramin jak ka mayar da ita. Wosha da robobi kuma a jera su yadda takardar cikin kwalin ta nuna, kada a matse robar har ta baje. Ɗaurin ƙarshe na kusoshin ƙasa mun bar shi sai da muka sauke motar ta zauna a kan ƙafafunta. In ka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe duk rayuwarta, ba za ta daɗe ba.

Tayoyi kam ban yi gigin taɓa su da kaina ba. Na nemi wurin da ke aikin manyan motoci, domin ba kowane mai taya ke da jak da filin da zai ɗauki wannan ba. Kafin a kwance ko noti ɗaya na ce a fito mini da bakwai ɗin in gani. Sabuwar taya tana iya shekara biyu ko uku a sito, kuma ga wanda shekaru ne za su kashe masa taya, wannan asara ce tun daga ranar farko. Biyar daga ciki ba su kai wata shida da bugawa ba, biyu sun haura shekara. Na ce a canza mini biyun. Maigidan wurin bai ɓata rai ba, ya ce, "Malam, ka yi daidai, amma sai ka jira a kawo." Na jira.

Na kuma sa aka sauya bawul duka. Irin na roba da ake sa wa ƙananan motoci iyakarsa psi 65, bai dace da tayar da ke shan 80 ba. Aka sa na ƙarfe masu noti. Na tayoyin ciki kuma aka sa dogaye, lanƙwasassu, da ke leƙowa ta ramin rim na waje. Wannan ƙaramin abu ne, amma ina ganin ya fi wasu manyan muhimmanci. Tayar da geji ba ya kaiwa gare ta ba za a riƙa auna ta ba. Kuma tayar ciki in ta sace, ba a gani, domin ta waje na riƙe da motar a tsaye, tana ɗauke da kayan biyu, tana zafi, har ita ma ta fashe. Masu yin taya suna ɗaukar duk tayar da aka yi tafiya da ita iskarta ta ragu da kashi 20 cikin ɗari a matsayin wadda aka taka a sace, sai an cire ta an duba cikinta.

Ina tsaye aka ciro tayar ciki ta hagu daga rim. Yaron da ke aikin ya taka gefenta da ƙafa, tsage-tsagen nan suka buɗe baki, a cikin ɗaya har ana hango zaren da ke ƙarƙashin roba. Tsakaninta da ta waje kuma an sami dutse ya maƙale, ya ci rami a gefen kowacce. Fashewar tayar baya a motar ɗaki ba ta tsayawa a kan taya. Zanen in ya ɓalle, da wayoyinsa yake dukan ƙasan ɗakin, inda bututun gas da wayoyin lantarki da tankunan ruwa suke bi. Ta gaba in ta fashe kuma, motar fizga take yi zuwa gefen, kuma abin da masana ke koyarwa shi ne kada a taka birki, a riƙe sitiyari da kyau, a ɗan ƙara totur har motar ta miƙe, sannan a sassauta a hankali. Na haddace wannan, ina kuma roƙon Allah kada ranar amfani da shi ta zo.

Aka goge tsatsar bakin rim, aka goge fuskokin da rim biyu ke haɗuwa, domin datti a tsakaninsu yana sa noti ya saki daga baya. Aka yi balansin kowacce. Na baya aka tabbatar tsayinsu ɗaya. In bambancin ya wuce kamar milimita 6, doguwar ce za ta ɗauki kayan, gajeriyar ta riƙa gogar ƙasa. Da aka zo ɗauri na roƙi kada a ƙarasa da bindigar iska. Aka kawo sifana mai awon ƙarfi, aka bi notoci takwas ɗin a tsallake, wannan sannan na gabansa, har adadin da littafin motar ya faɗa. Littafin ya kuma ce mota mai taya bibbiyu a baya a sake duba ɗaurin bayan kilomita 160, a kuma sakewa a 800. Na yi duka biyun. A na farkon, notoci biyu na bayan dama sun ɗan ƙara juyawa kafin sifanar ta yi ƙara, abin da ya nuna umarnin ba na ado ba ne.

Tsofaffin tayoyin na sa aka tsaga gefen kowacce da wuƙa a gabana. Zanensu na da kyau, kuma na san in aka bar su haka wani zai gan su ya saya ya ɗora iyalinsa a kai.

Iska kuma na koma ga takardar sikeli. Kowane kamfanin taya yana da jadawalin da ke nuna iskar da ake buƙata ga kowane nauyi. Ana ɗaukar gefen da ya fi nauyi, a nemi iskarsa a jadawalin, a ba duk tayoyin wannan layin iska ɗaya, hagu da dama, ciki da waje. Na ɗan ƙara kaɗan a kai saboda ranar da kaya za su ƙaru, ban kuma sauka ƙasa da abin da takardar jikin ƙofa ta ce ba. Lambar da ke jikin taya ita ce iskar da take buƙata don ɗaukar iyakar nauyinta, ba wai dole kowace taya ta sha haka ba. Gaban motata bai buƙaci abin da baya ke buƙata ba, kuma cika shi fiye da kima yana sa sitiyari ya yi sauƙi, motar ta riƙa yawo a titi. Awo da safe ake yi, kafin a motsa, kafin rana ta bugi gefe ɗaya. In an yi tafiya iskar na hawa saboda zafi, wannan daidai ne, ba a rage ta. Na ƙara da na'urar da ake ɗaura wa kan kowane bawul, tana nuna iska da zafin tayoyi shida a gaban direba.

Alaimen ne ya zo ƙarshe, kuma da kaya a cikin motar aka yi shi, tankuna a cike, yadda za ta riƙa tafiya. Kashin motar tsirara yake fitowa daga masana'anta, daga baya wani kamfanin ya ɗora masa ɗaki, nauyin ya sauya yadda tayoyin gaba ke zama. Wanda ya yi aikin ya tarar bakin tayoyin ya ɗan buɗe waje, ya gyara, ya kuma sauya wasu bushin don sitiyari ya riƙa komawa tsakiya da kansa.

Na koma kan gadar nan da gangan, da gudun da na bi ta a farko. Gaban ya nutse sau ɗaya, ya taso, ya tsaya. Kabad shiru. A babban titi tirela ta wuce, na ji turin iskar, domin bangon ɗaki bango ne, ba shokazobar da za ta hana iska dukansa, amma motar ta karkata sau ɗaya ta dawo, ba ta ci gaba da rangaji ba. A kan ƙananan gargada ta ɗan fi da tauri, ana jin haɗin kwalta a kujera, kuma na yarda da wannan musayar. Birki ma ya canza, hancin motar ya daina dukan ƙasa in na taka.

Akwai sauran aiki. Lokacin da muke ƙarƙashi ƙanena ya nuna mini robobin sandar da ke hana mota kwanciya a kwana, sun bushe sun tsage, kuma ƙaramar shokazobar sitiyari ita ma ta fara jiƙewa. An yi odarsu. Na sayi rigunan rufe tayoyi saboda rana, na sami katakai masu faɗin da zai ɗauki tayoyin baya biyu gaba ɗaya don kada su kwana a kan damshi, na kuma sa wa kaina fitar da motar duk wata ta yi tafiyar da tayoyin za su ɗumama. Nauyin bayan hagu ma na rage shi, na mayar da akwatin kayan aiki da jarkokin ruwa ɓangaren dama. In robobin sun iso muka ɗaura, zan sake komawa sikeli, wannan karon da yaran da kekunansu.